SUKUWAR TURAI A SHAGUNAN IKKO: INA AMFANIN TAKARDAR DAWAKI TA KYAUTA?

Tsofaffin mazauna Ikko ba su manta da filin sukuwa na tsakiyar gari ba, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960. Cikin 1972 aka mai da filin Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka malale shi da siminti, yau kuwa dawakin da suka rage a wurin su ne gumakan nan farare da ke tsaye bisa ƙofar shiga. Amma cacar sukuwa ba ta mutu tare da filin ba. Ta koma shagunan caca na bakin tasha da bakin kasuwa, ta kuma shiga wayar hannu, dawakin da ake zuba wa kuɗi kuwa suna can Ingila da Ailan da Faransa da Afirka ta Kudu, har Ostareliya da Hong Kong.

Kowa ya san ƙwallon ƙafa ce ke lashe mafi yawan kuɗin 'yan caca a ƙasar nan. Duk da haka doki yana da wata fizga ta dabam a zuciyar ɗan Arewa, wanda ya tashi yana kallon hawan Salla, ya san akawal ya san kili, ya kuma sha tsayawa bakin filin sukuwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato. In irin wannan mutum ya zo Kurmi neman abinci, ko gadi yake yi a Ikoyi, ko dako a kasuwar Mil 12, ko cinikin goro a Shagamu, ko yana zaune a Sabon Badun, ya ga dawaki suna zuba gudu a talabijin, sai ya ji wannan fage nasa ne, a nan ya fi ɗan gari ido. Lokaci ma yana taimakawa. Da bazara da damina agogon Ingila da na Nijeriya ɗaya ne, da hunturu kuwa sa'a guda ce tsakani, saboda haka tseren Ingila yakan faɗo daga azahar zuwa magariba. Na filin Happy Valley a Hong Kong, wanda ake yi daren Laraba, a nan tsakar rana ne. Babban tseren Ostareliya kuwa, watau Melbourne Cup, da ƙarfe 5 na asuba yake samun mutumin Ikko, ran Talatar farko ta watan Nuwamba.

Abin da ke ƙara wa mutane ƙarfin gwiwa shi ne wata takarda da Turawa ke kira fom, wadda ke ɗauke da tarihin kowane doki da zai shiga tsere. A da sai an saya. Jaridar Sporting Life, wadda aka fara bugawa a London cikin 1859, da wannan ciniki ta rayu har ta daina fitowa cikin 1998. Cikin 1948 wani tsohon malamin makaranta mai suna Phil Bull ya kafa Timeform a garin Halifax, yana auna gudun dawaki da agogo yana ba kowanne maki. Cikin 1986 Shehu Muhammad bin Rashid na Dubai ya kafa Racing Post. Yanzu babban ɓangare na abin da waɗannan gidaje ke tarawa yana nan a intanet ba ko kwabo. Tambayar da ta shafi mai aika kuɗi gida ƙarshen wata ita ce: shin wannan takarda tana ƙara wa mai karanta ta kuɗi a aljihu?

YADDA AKE KARANTA TA

Kusa da sunan kowane doki akwai jerin lambobi da baƙaƙe, alal misali 31-20P4. Daga hagu ake karantawa zuwa dama, na ƙarshen dama shi ne tseren da ya yi kwanan nan. Wannan doki ya zo na uku, sa'an nan ya ci, duk a kakar bara, karan nan na tsakiya shi ne iyaka tsakanin bara da bana. Bana ya zo na biyu. Sifiri na nufin bai shiga cikin tara na farko ba. P na nufin mahayi ya ja linzami ya tsai da shi tun ba a kai ƙarshe ba. A fitarsa ta baya-bayan nan ya zo na huɗu. A tseren tsallake shinge za a ga F, watau dokin ya faɗi, ko U, watau ya ka da mahayinsa, ko R, watau ya yi tutsu ya ƙi tsallakawa. In an ga C, ya taɓa ci a wannan fili. In D ce, ya taɓa ci a irin wannan nisa. BF kuwa na nuna a fitarsa ta ƙarshe shi ne ɗan gaban goshin kasuwa, amma ya ba da kunya.

Sai nauyin da zai ɗauka, mahayi da sirdi da dalmar da ake cusawa cikin ƙyallen ƙarƙashin sirdi don a cika awo. Ingilishi har yau da ma'auninsu na kakanni suke aiki, wanda suke kira siton, laba 14 ke nan. In an rubuta 9-7, siton 9 da laba 7 ake nufi, laba 133, wajen kilo 60. Nisa kuma da fulon suke ƙirga shi, fulon 8 ne mil guda, kowanne ya ɗara mita 200 da kaɗan. Mafi gajartar tsere fulon 5 ne, ƙiftawa da bismilla an gama cikin kamar minti ɗaya. Derby na Epsom, wanda aka fara cikin 1780, mil ɗaya da rabi ne. Grand National na Aintree kusa da Liverpool ya wuce mil 4, da tsalle 30. Dokin da ya yi suna a fulon 5 ba shi da abin faɗa a mil 2, kamar yadda ba a ɗaukar dokin sukuwa a yi fatauci da shi.

Abin da ɗan Arewa ya fi saurin mantawa shi ne ƙasa. A gida an saba da fako da rairayi. A Ingila da Ailan yawancin tsere bisa ciyawa ake yi, ruwa kuwa ba shi da wata, yana iya sauka kowace rana. Saboda haka kullum ana shelar halin ƙasa, daga mai tauri zuwa matsakaiciya zuwa mai taushi, har zuwa wadda ta zama laka ƙafa na nutsewa. Wani doki in ya taka laka kamar an ɗaure shi a turke, wani kuma ita yake jira. Akwai kuma lambar ƙofar da doki zai fito. A filin Chester, wanda ake sukuwa cikinsa tun 1539, da'irar ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi mil guda da kaɗan ba, don haka dokin da ya sami ƙaramar lamba yana jikin shingen ciki, hanyarsa ta fi ta saura gajarta. Tun daga watan Janairu 2018 doka ta tilasta a rubuta in an yi wa doki aiki a maƙogwaro don ya ji daɗin numfashi. Wani abin dariya kuma, duk dawakin Ingila ran 1 ga Janairu ake ƙara musu shekara, ko da wane wata goɗiya ta haife su. Na Ostareliya da Afirka ta Kudu kuma ran 1 ga Agusta.

Dole a ba takardar haƙƙinta. Abin da ta rubuta gaskiya ne, domin daga littafin hukuma aka kwaso shi. Tana hana mutum zuba kuɗi don launin doki ya burge shi, ko don lambar ta zo masa a mafarki. Tana nuna dokin da aka janye. Tana nuna wanda ya yi wata goma bai fito ba. Mai sha'awar dawaki tsantsa, wanda ba ya kasa ko sisi, zai sami abin karatu har ya gaji: uban doki da uwarsa, da yadda duk dawakin sukuwar Turai ke komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas, ɗaya daga cikinsu a birnin Halab na ƙasar Sham aka saye shi cikin 1704.

FARASHI YA RIGA KOWA KARANTAWA

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sanin dokin da ya fi kyau abu ɗaya ne, cin riba kuma wani abu dabam, tsakaninsu kuwa akwai farashi.

Duk abin da mai gadi a Ikoyi ya karanta da hantsi, akawunan kamfanin caca sun karanta shi tun daren jiya, haka kuma dubban mutane a Ingila waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. In takarda ta nuna doki ya ci sau uku a jere, kuma ƙasar yau irin tasa ce, farashinsa ya riga ya faɗi daidai da wannan labari. A Ingila, shekara da shekaru, ɗan gaban goshin kasuwa yana cin kamar tsere ɗaya ne cikin uku. Wanda ya bi shi kullum zai sha karɓar kuɗi a taga, amma in ya yi lissafi ƙarshen shekara zai tarar abin da ya zuba ya fi abin da ya karɓa. Wanda kuma ya ce shi sai dawakin da aka raina, masu biyan ninki 30 ko 50, asararsa ta fi muni. Wani Ba'amurke mai nazarin halayyar ɗan Adam, Richard Griffith, ya nuna haka da lissafi tun cikin 1949: jama'a sukan zuba wa raunanan dawaki fiye da abin da suka cancanta, saboda kwaɗayin babbar riba.

A duba Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda Henry Cecil ya yi wa horo. Daga 2010 zuwa 2012 ya fito sau 14 ya ci duka 14. Ko makaho ya shafa takardarsa ya san babu na biyunsa. Amma a tseren Sussex Stakes na 2012 farashinsa ya kai inda sai mutum ya kasa 20 kafin ya ci ribar 1. Watau a kuɗin yau, a ajiye naira 20,000 don neman naira 1,000. Frankel bai taɓa tuntuɓe ba, amma dawakin da suka kusa da shi sun yi, tuntuɓe ɗaya kuwa a irin wannan farashi yana share ribar fita ashirin.

Ga inda kamfani ke cin nasa, kuma ko ɗan firamare yana iya bin lissafin. A ɗauka dawaki huɗu ne kaɗai a tsere, an sa musu farashi 2.00 da 3.00 da 5.00 da 8.00, watau ninkin abin da za a mayar wa wanda ya dace. A ce wani mai wayo ya yi niyyar zuba wa dukansu yadda ko wanne ya ci zai karɓi naira 10,000. Na farko zai sa masa 5,000, na biyu 3,333, na uku 2,000, na huɗu 1,250. Jimla naira 11,583. Tsere ya ƙare, dole ɗaya ya ci, an miƙo masa 10,000. Ragowar 1,583 ta zauna a aljihun kamfani, kusan kwabo 14 cikin kowace naira. Wannan yanka yana cikin kowane tsere tun kafin a buɗe ƙofa, kuma in dawaki sun yi yawa yakan fi haka nesa. Ba a rubuta shi a ko'ina cikin takardar kyauta.

Masu son haɗa tsere huɗu ko biyar a tikiti ɗaya, kamar yadda aka saba a cacar ƙwallo, su ne suka fi ɗanɗana wuƙar. In kowane tsere yana mayar da kwabo 86 cikin naira, to huɗu a haɗe, ɗaya bisa ɗaya, abin da ke dawowa a tsakaici bai wuce kwabo 55 ba. Shi ya sa kamfanoni ke tallar irin wannan tikiti da manyan baƙaƙe, har da gyara a kai. Akwai kuma wata ƙa'ida da baƙo ba ya sani sai ta faɗa masa: in an janye wani doki bayan mutum ya riga ya karɓi farashi, ana zaftare wani abu daga ribarsa, gwargwadon darajar dokin da aka janye. Gardama da yaron shago a kan wannan ɓata baki ne, domin tana rubuce cikin sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa.

Har ila yau, fiye da rabin tseren Ingila na daidaita nauyi ne. Hukumar sukuwa tana da ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne ba kowane doki maki, maki ɗaya laba ɗaya. Wanda ya ci jiya, gobe an ƙara masa dalma. Wanda ya yi ta shan kashi, a rage masa. Nufinsu shi ne, da hali, dawakin duka su iso layi kai ɗaya. Ashe ke nan jerin 1 da 2 da ke faranta ran mai karatu, an riga an mai da shi kaya an ɗora a bayan dokin.

ABIN DA BA YA SHIGA TAKARDA

Duk wanda ya taɓa zama da dillalan dawaki ya san abin da mai barga ya sani ba shi ne abin da ɗan kallo ya sani ba. Turawa ma haka suke. Labarin da ya fi shahara shi ne na Barney Curley, wani mutumin Ailan da ya fara karatun zama limamin coci kafin ya koma caca. Yana da wani doki mai suna Yellow Sam. Ya sa aka yi ta fito da shi a wuraren da ba su dace da shi ba, har takardarsa ta zama abin tausayi, aka rage masa kaya. Cikin watan Yuni 1975 aka kai shi Bellewstown, wani ɗan filin ƙauye arewa da Dublin, inda wayar tarho ɗaya ce tak jama'a ke iya amfani da ita.

Dabarar tana nan ne. A wancan zamani shagunan caca na gari suna biya ne bisa farashin da aka tashi da shi a fili. In suka ga kuɗi na kwarara kan wani doki, sai su buga waya fili a zuba masa kuɗi a can don farashi ya sauko. Curley ya baza mutanensa cikin shaguna ko'ina a ƙasar, kowa da 'yan fam kaɗan, aka umurce su kada su zuba sai ana saura mintoci a tashi. Wani amininsa kuma ya shige ɗakin wayar nan ɗaya, ya kama ta ya ƙi saki, wai yana magana da asibiti inda gwaggonsa ke bakin mutuwa. Wa zai ƙwace waya a hannun mai irin wannan hali? Shaguna suka yi ta bugawa ba ta shiga. Yellow Sam ya tashi a farashin 20 bisa 1, ya kuwa ci. Abin da aka zuba wajen fam 15,000 ne, aka kwashi kusan fam 300,000, kuma ba wata doka da aka karya, dole aka biya. Duk wanda ya bi takarda a ranar nan, Yellow Sam ne doki na farko da zai soke da alƙalami.

Na Ostareliya ya fi wannan rashin kunya. Ran 18 ga Agusta, 1984, a filin Eagle Farm na Brisbane, aka shigo da wani doki mai gudu, Bold Personality, da sunan wani rago mai suna Fine Cotton, bayan an rina masa gashi an shafa masa farin fenti a ƙafafu. Farashi ya rikito daga 33 zuwa ƙasa da 4, dokin ya ci, amma fenti ya soma zuba, asiri ya tonu nan take. Irin wannan ya yi wuya yanzu da ake dasa wa dawaki 'yar na'urar shaida a wuya. Amma dokin da ya kwana da tari, ko wanda aka fito da shi don ya motsa jini kawai ana tanadinsa don wata mai zuwa, har gobe mutanen barga ne suka san da shi.

Sa'an nan ga tsautsayi. A Grand National na 1956, Devon Loch, dokin uwar Sarauniya, yana gaba shi kaɗai, saura kamar yadi 40, sai ya baje a ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Cikin 1967 wani doki da ya yar da mahayinsa ya gitta gaban shinge na 23, dawaki suka hargitse, Foinavon da ke can baya ya sami hanya ya wuce, ya ci a farashin 100 bisa 1.

WA KE BIYAN KUƊIN TAKARDAR?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tara tarihin dubban dawaki aiki ne mai cin kuɗi, wani ne kuwa ke biya. Cikin 2006 kamfanin caca na Betfair ya saye Timeform. Sunan Sporting Life ya ci gaba a intanet a hannun gidan da ke da Sky Bet, cikin 2020 kuma gidajen biyu suka haɗu ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna Flutter. Waɗanda ba mallakar kamfanin caca ba ne, da tallar kamfanonin suke rayuwa, ko da la'adar da ake ba su kan duk wanda ya bi ta shafinsu ya buɗe asusu. Wannan bai sa lambobin su zama ƙarya ba. Amma mai rumfa ba ya raba abin da zai karya shi. Kamfanoni sun san mutumin da ya yi rabin sa'a yana nazari yakan ji ya zama masani, masani kuwa ya fi jahili sakin hannu.

Shin akwai wanda ya taɓa cin kamfani da nazari? Akwai, sai dai a dubi yadda ya yi. Bill Benter, wani Ba'amurke mai ilmin lissafi, ya tafi Hong Kong wajen 1984 da kwamfuta, ya yi shekaru yana asara kafin abin ya miƙe. Ya riƙa auna abubuwa fiye da 100 game da kowane doki, yana da ma'aikata masu kallon hoton kowane tsere. Cikin wata maƙala da ya rubuta a 1994 ya bayyana cewa lissafinsa bai yi ƙarfi ba sai da ya haɗa shi da farashin da jama'a suka sa, domin farashin yana ɗauke da labarin da babu shi a takarda. Ya yi arziki mai yawa. Irinsa ne ke can ɗaya gefen, su ne mai wayar hannu a Agege ke karawa da su. Kuma a Ingila sanannen abu ne cewa in kamfani ya lura mutum na yawan ci, sai ya ƙayyade masa abin da zai iya zubawa, wani lokaci har ya koma 'yan kwabbai.

Wuri ɗaya da takardar kyauta ke ceton kuɗi a zahiri shi ne wajen masu sayar da "tabbas". Tsofaffi sun tuna zamanin cacar ful, da 'yan jaridun hasashe da ake sayarwa ran Juma'a, kowacce da lambobinta uku da ta ce ba sa kuskure. Jikokinsu suna nan a WhatsApp da Telegram, suna karɓar kuɗin rajista, galibi kuwa abin da suke turowa kwafi ne daga shafin da kowa ke iya buɗewa. Dabarar manyansu an tona ta a talabijin na Ingila cikin 2008, inda Derren Brown ya sa aka aika wa wata mata sunan dokin da zai ci, sau biyar a jere, duka suka ci. Abin da ba ta sani ba, da mutum 7,776 aka fara, aka raba su kashi shida, kowane kashi aka ba shi doki ɗaya cikin shida da ke tseren. Bayan tsere na farko saura 1,296, sai 216, sai 36, sai 6, sai ita kaɗai. Ita a ganinta ta gamu da mai duba na gaskiya, har ta ciwo bashi don tsere na gaba.

MAƘWABTA DA DAWAKIN NA'URA

'Yan Nijar da ke zaune a Ikko, da masu ƙetara Seme zuwa Kwatano, sun san wani salon. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai rumfunan hukumar LONANI, a Kamaru akwai PMUC, duk suna karɓar kuɗi kan tseren da ake yi a filayen Faransa irin su Vincennes da Longchamp da Auteuil. Can ma ana raba takardar shirin tsere da hasashen jaridun Faris. Faransawa na kiran jerin lambobin doki "kiɗa". A wannan tsari kuɗin kowa ake tarawa wuri ɗaya, hukuma ta ɗebi rabonta tukuna, saura a raba wa waɗanda suka dace, saboda haka in kowa ya bi hasashe ɗaya kuma ya fito, rabon kowa ba ya taka kara ya karya. Cacar nemo dawaki uku na farko André Carrus ne ya ƙago ta cikin 1954, ta dawaki biyar kuma ta zo cikin 1989. In dawaki 16 ne a fili, hanyoyin da uku na farko ke iya jeruwa 3,360 ne. Na biyar kuwa 524,160.

Abin da ya fi kamata a yi hattara da shi a shagunan Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal shi ne tseren da ke tashi kowane minti biyu ko uku, dare da rana, ba ruwa ba rana. Waɗannan dawaki da karnuka ba su da rai, zane ne na kwamfuta, kuma na'ura ce ke jefa ƙuri'ar wanda zai ci, tare da rabon kamfani a gine a ciki. Su ma akan nuna musu jerin lambobi a gefen allo, 1 da 4 da 2, kamar na gaske, za a kuma ga samari da biro suna kwafewa cikin littafi suna neman zaren abin. Dokin da ba ya gajiya, ba ya ciwo, ba ya jin laka, abin da ya yi ɗazu ba shi da wata alaƙa da abin da zai yi yanzu. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: tseren gaske yana da sunan fili da sa'a da sunan mahayi da mai horo, kuma za a same shi a Racing Post ko wani shafi da ba na mai shagon ba.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne ga mai karatu, malamai sun gama wannan magana tuntuni. Ba kuma dole ne sukuwa ta tafi da caca ba: gasar Saudi Cup da aka fara a Riyad cikin 2020, mai ladan dala miliyan 20, ba a karɓar kuɗin kowa a filinta. Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Don haka abin da Jihar Ikko ta ba lasisi, a Kano laifi ne, inda Hisba ta rufe shagunan caca cikin watan Oktoba na 2024. Mai komawa gida da Salla ya san da wannan. Wanda kuma ke zuba kuɗi ta waya a wani kamfanin waje saboda ya fi yawan dawaki, ya gangara can ƙasan shafi inda aka yi rubutu da ƙananan baƙaƙe, ya ga wace hukuma ta ba shi izini. In ya ga Malta ko tsibirin Kurasawo maimakon Ikko ko Oyo, to, can ne ofishin da zai kai kuka ranar da aka hana shi kuɗinsa.